Buɗaɗɗiyar wasiƙa kan tsofaffin jiragen katako da ke kwance a ƙarƙashin kogunan Logon da Shari

Zuwa ga hukumomin kula da al'adu da kayan tarihi na jihar Arewa Mai Nisa ta Kamaru, da masu martaba sarakunan bakin Logon da Shari, da magadan garuruwan da ke bayar da izinin ɗibar yashi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Allah ya ja zamanin sarakuna, ya ƙara wa shugabanni lafiya da basira. Ranku ya daɗe, muna gaisuwa irin ta ɗa ga mahaifi, muna kuma neman afuwa idan maganar ta yi tsawo.

Mu da muka haɗu muka rubuta wannan takarda, wasunmu malaman tarihi ne a makarantun sakandare, wasu masassaƙan jirgi, wasu masu fito, wasu masunta, akwai kuma 'yan nutso, irin waɗanda ake nema idan injin jirgi ya faɗa ruwa. Muna magana da yawun mutanen bakin kogi daga Logon Birni zuwa Kuseri, har Gulfe da Bilangwa. Kukanmu a kan tsofaffin katakan jirgi ne da ƙarafan da ke kwance cikin laka da yashin kogunan nan. Daga Maris zuwa Mayu, idan ruwa ya ja, shebur ɗin mai ɗibar yashi kan daki baƙin katako mai laushi. Abin da ke biyo baya kowa ya sani. A ɗaura igiya a fizgo, a ɓanɓare ƙarfen da ke jiki a kai wa ɗan gwangwan ya auna a kilo, katakon kuma a jingine shi ya sha iska, ya ƙare a murhu. Mai shebur ba shi da laifi, domin ba wanda ya taɓa gaya masa wa zai kira.

Kogunan nan su ne titin ƙasar nan tun kafin a san kwalta. Kotoko sun yi suna wajen haɗa manyan jirage na alluna da ake ɗinkewa da igiya, babu ƙusa ko ɗaya, irin waɗanda ake ɗora wa babbar komar zemi. Buduman tsibiran Tafkin Chadi a cikin jirage suke kai hari gaɓa. A 1851 Bajamushe Overweg ya zaga Tafkin Chadi da jirgin katakon da aka ɗauko gunduwa-gunduwa a kan raƙuma daga Tarabulus. A 1897 Bafaranshe Gentil ya gangaro Shari da jirgin tururi mai suna Léon Blot, wannan na ƙarfe ne, ya shiga tafkin ranar 1 ga Nuwamba. A Oktoban 1899 Faransawa suka gwabza da Rabeh, mayaƙin da ya ci Borno, a Kuno, bakin Shari, sannan ranar 22 ga Afrilun 1900 aka yi yaƙin Kuseri, wanda Rabeh da Lamy, kwamandan Faransawa, duk suka mutu a cikinsa rana ɗaya. Mayaƙa da igwa da albarushi da abinci, ta ruwa suka bi ko suka haye. Can Garwa ma, igwar jirgin yaƙin Ingila da aka yi amfani da ita wajen karɓe garin daga hannun Jamusawa a Yunin 1915, ta Binuwai aka hauro da ita.

Duk abin da ya nutse a waɗancan shekaru ya haura shekara 100 a ruwa. Wannan kuwa shi ne ma'aunin da yarjejeniyar UNESCO ta 2001 ta gindaya wajen kiran abu kayan tarihin ƙarƙashin ruwa, kuma lafazinta ya haɗa da abin da ruwa ke rufewa wani lokaci ya buɗe wani lokaci, kamar dai da kogunanmu aka rubuta ta. Ƙa'idarta ta farko ita ce a fara duba yiwuwar barin abu inda yake. A gida kuma muna da dokar kayan tarihi ta 18 ga Afrilun 2013. Doka dai akwai, labarinta ne bai iso bakin kogi ba.

In wani yana ganin laka ba ta ajiye komai, a tuna masa da Dufuna, a jihar Yobe ta Najeriya, kusa da Komadugu Gana, ruwan da shi ma tafkinmu yake nufa. A 1987 wani makiyayi yana haƙar rijiya ya daki katako a zurfin kimanin mita 5. Bai fasa shi ba, ya kai rahoto. A 1994 masana daga jami'o'in Maiduguri da Frankfurt suka fito da kwale-kwale mai tsawon mita 8.4, na itacen dangin maɗaci, mai shekara kusan 8,000, mafi tsufa da aka samu a Afirka. Da makiyayin nan ya ɗauko gatari, da shi ke nan.

Ba mu da jiragen yaƙi masu hawa biyu da igwa ɗari irin na Turai. Amma katakon da ya daɗe a ruwa halinsa ɗaya ne ko ina, kuma su Turawan sun riga mu yin kurakuran, sun biya kuɗinsu. Shi ya sa za mu riƙa kawo jiragensu misali.

Sai an fahimci abu ɗaya kafin sauran maganar ta zauna. Itacen da ya yi ƙarni a ruwa siffarsa ce kawai ta rage. Ƙwayoyin cuta sun cinye abin da ke ba shi ƙarfi daga ciki, suka bar ƙashin bayansa kamar saƙar zuma, ruwa ya cike ramukan. Ruwan nan shi ke tokare da shi. Gwajin ba shi da wuya: a yanki ɗan guntu a auna shi a jiƙe, a busar a tanda mai zafin digiri 105 tsawon yini da kwana, a sake aunawa. Idan giram 50 ya koma giram 10, ruwan ya ninka itacen sau huɗu ke nan, irin wannan allura za ta shige shi kamar sabulu. Ranar da ruwan ya fara fita, yana fita ne yana jan bangon ramukan ciki suna ruftawa. Allo ya motse, ya murɗe, ya tsattsage. Ko ka mayar da shi ruwa shekara goma ba zai koma yadda yake ba. Itace mai tauri irin maɗaci ko ƙirya ya fi wuyar sha'ani, don bayansa ya yi laushi cikinsa na nan da ƙarfi, sai bayan ya motse cikin ya ƙi, fatar ta ɓare da duk alamun gizago da ke kanta. A Turai, inda iska ke da laima, wannan na ɗaukar makonni. A nan, da zafin Afrilu mai haura digiri 40 da busasshiyar iskar rani, daga hantsi zuwa la'asar an fara jin yana ƙara.

Abin da ke kare katako kuwa laka ce, domin ƙarƙashinta babu iskar da ƙwaro da ruɓa ke rayuwa da ita. Mary Rose, jirgin Sarki Henry na Takwas na Ingila, ya nutse a yaƙi da Faransa ranar 19 ga Yulin 1545. Gefen da ya nutse cikin laka ne kaɗai ya tsira, gefen da ke sama ruwa da tsutsar teku suka cinye shi ƙarƙaf. Wannan tsutsa mai huda katako sai da gishiri take rayuwa, shi ya sa jiragen Tekun Baltik, mai ƙarancin gishiri, suka fi na ko ina daɗewa. Mu ma ba mu da ita a ruwanmu, alhamdu lillahi. Namu abokan gaban su ne jiƙa da bushewa na kowace shekara, da yashin da ambaliya ke gogawa kamar magagari, da gara da zarar katako ya hau tudu.

Kukanmu na farko shi ne rashin umarni. Mai ɗibar yashi, da direban tifa, da bulaman unguwa, da sarkin ruwa, babu wanda ke da lambar da zai kira ko takardar da ta ce masa ga abin yi. Wasu ma tsoro suke ji kada a rufe musu wurin cin abinci ko a tuhume su, sai su gwammace su kawar da abin da sauri. Rahoton da ya ceci jirgin Dufuna, a yanayin da muke ciki, da wuya a samu mai kai irinsa.

Na biyu shi ne cirowa ba shiri, kuma wannan masu kyakkyawar niyya ne suka fi yin sa. Wani babba zai ji labari, ya ce a ɗauko a kai ƙofar fada ko harabar ofis jama'a su gani. Ranku ya daɗe, ku dubi abin da cirowa ta ci wa masu hali. Vasa, jirgin yaƙin Suwidin da ya kife a tafiyarsa ta farko a 1628, an ɗago shi a 1961. Daga 1962 zuwa 1979, shekara 17, ana fesa masa PEG, wani irin kaki ne mai narkewa a ruwa wanda ke shiga ya maye gurbin ruwan da ke tokare da itacen. Aka ɗauka an gama. A shekarar 2000, bayan wata damina mai laima, sai ga tabo fari da rawaya a jikinsa. Ashe ƙibiritun da katakon ya sha a ƙazamin ruwan tashar jirage yana haɗuwa da iska, tsatsar ƙusoshi na ingiza shi, yana zama asid mai cin itace daga ciki. Sai da aka sauya dubban ƙusoshi da ƙarfen da ba ya tsatsa, kuma har yau ɗakin da yake ciki ana riƙe shi a kusan digiri 18 da laima kashi 53, dare da rana. Mary Rose an ɗago shi a Oktoban 1982, aka yi shekara 12 ana fesa masa ruwan sanyi zalla, sannan PEG daga 1994 zuwa 2013, sannan aka shiga busarwa. Wanda ya san yadda wutar lantarki take a garuruwanmu ba sai an yi masa bayanin abin da zai faru da injin fesa ruwa ba.

Fizga da igiya ma ba mu muka fara ba. Cairo, jirgin yaƙin basasar Amurka mai jikin katako da rufin ƙarfe, ya nutse a kogin Yazoo a 1862. Da aka zo ɗago shi a 1964, wayoyin ƙarfen da aka zura ƙarƙashinsa suka yanka katakon, dole aka fito da shi kashi uku. Su da ke da manyan injina ke nan, balle tifa da igiyar rijiya.

Masu hankali daga baya sun koyi haƙuri. Mars, jirgin Suwidin da ya ƙone ya nutse a yaƙin 1564 kusa da tsibirin Oland, an gano shi a 2011 a zurfin mita 75, kuma yana nan inda yake, da hotuna dubbai aka haɗa siffarsa a kwamfuta. A tafkin Champlain na Amurka, ruwan daɗi irin namu, jirage biyu 'yan uwan juna sun nutse a yaƙin Oktoban 1776. Philadelphia an ɗago shi a 1935 da harsashin igwar da ya nutsar da shi maƙale a jiki, aka yi shekaru ana yawon nuna shi ga masu kallo kafin ya sami ɗaki a Washington. Ɗan uwansa Spitfire da aka gano a 1997 ba a yi gaggawar taɓa shi ba.

Na uku, maganin gida. Abin da hannu ke fara kaiwa shi ne baƙin mai, ko fenti, ko kwalta, don haka muke yi wa sabon jirgi. A kan jiƙaƙƙen tsohon katako waɗannan rufe baya kawai suke yi, ciki na ci gaba da ruftawa, kuma sun toshe hanyar da maganin gaskiya zai shiga daga baya. Baƙin mai har gwajin shekaru yake ɓatawa. Alam ɗin da muke tace ruwa da shi, akwai masu cewa yana ƙarfafa itace. An gwada. Kayan katakon da aka tono tare da jirgin Oseberg na Norwe a 1904, a tafasasshen ruwan alam aka dafa su, suka yi kyau shekaru da dama, yanzu cikin wasunsu ya zama gari, fatar waje ce ke riƙe da su. Sukari kam yana aiki, da shi aka gyara kwale-kwalen Poole na Ingila mai tsawon mita 10, wanda injin yashe tasha ya tono a 1964, bayan ya yi shekaru a jiƙe yana jira. Amma a yi lissafi. Kwale-kwale mai mita 8 yana son kwatami mai tsawon mita 9, faɗi mita 1, zurfi santimita 80, wato lita 7,200. Ana farawa da sukari kaɗan a riƙa ƙarawa wata bayan wata har ya kai giram 700 a kowace lita, jimla kusan buhu 100 mai kilo 50. In ba a sa maganin kashe ƙwayoyi ba ruwan zai yi tsami ya koma giya, in an fito da katakon kuma tururuwa da gara sun sami walima. Ana iya yi, amma ba aikin da za a fara ranar da aka ga katako ba ne.

Na huɗu shi ne ƙarfen da ke tafiya wurin 'yan gwangwan, kuma a ganinmu wannan ya fi ƙona katakon ɓarna. Gwajin kabon, wato gwajin shekarun da ya ba Dufuna shekara 8,000, ba ya iya rarrabe shekaru da kyau a cikin ƙarni ukun da suka wuce. Allon zamanin Rabeh da na zamanin kakan kakansa, amsa kusan ɗaya zai ba ka. Abin da ke faɗin shekara shi ne ƙananan kayan da ke kwance tare da shi: kwanson harsashi mai tambarin masana'anta a gindi, irin ƙusa, ko ta maƙeri ce ko ta inji, maɓallin kakin soja, fasasshiyar tukunya, kuɗi. Kuɗin ma sai da lura, domin azurfar Mariya Tireza da aka yi ciniki da ita a Borno da Wadai, 1780 ne rubuce a jikinta ko da a wace shekara aka buga ta. Shi kansa katakon yana magana ga wanda ya iya ji: jerin hudojin ɗinki a bakin allo, sawun gizago ko na zarto, abin da aka cusa a tsakanin alluna don tare ruwa. Idan aka raba harsashi da allon da yake kwance a kai, an sami tsohon ƙarfe da itacen wuta, labarin ya tafi.

Akwai kuma haɗarin rai. Dunƙulen ƙarfe zalla ba ya fashewa. Amma harsashin igwa mai tsini, ko mai huda, ko mai tagulla a baki, yana iya kasancewa da albarushinsa a ciki, shekara ɗari ba ta kashe shi ba. Ɗan gwangwan da ya sa masa guduma ko wuta don ya cire tagullar yana wasa da ransa da na yaran da ke tsaye kansa.

Na biyar, manyan ayyuka. Ginshiƙan gada, ganuwar tare ambaliya da ake ta ɗagawa tun bayan ruwan 2022, da injinan zuƙar yashi, duk suna shiga zurfin da shebur ba ya kaiwa, kuma abin da inji ya tauna ba a ma ganinsa. A gaban birnin Kotka na Finlan, inda Suwidin ta ragargaza rundunar ruwan Rasha ranakun 9 da 10 ga Yulin 1790, jirage da dama na kwance. Mafi shahara, Sankt Nikolai, an gano shi a 1948 kusan cikakke. Masu ciro igwa da masu kwasar tsaraba suka taɓa shi, sannan farfelar manyan jiragen da ke shiga tasha ta riƙa kwashe lakar da ke kansa, har ya ruguje. Kwashe yashin da ke gefen abu ya isa ya kashe shi ko ba a taɓa shi ba, don ruwa zai zaizaye ƙarƙashinsa. Duba ƙasa kafin aiki kuwa ba baƙon abu ba ne a gare mu: lokacin shimfiɗa bututun mai daga Kome zuwa Kiribi, masu binciken tarihi sun bi gaban injina, suka rubuta wurare sama da 400 a Chadi da Kamaru. Abin da aka yi wa tudu ba a yi wa kogi ba.

Na ƙarshe gajere ne. Jirgin yaƙi kabari ne. Kronan na Suwidin ya tafi da mutum kusan 800 a 1676. Namu ƙanana ne, amma duk inda aka haye kogi a guje akwai waɗanda ba su kai gaɓa ba, kuma da yawansu Musulmi ne. Bai kamata ƙashin ɗan Adam ya shiga tifa ya ƙare a cikin bulon gini ba.

Ga abin da muke roƙo, kuma mun zaɓi wanda aljihunmu zai iya.

A fitar da umarni na shafi ɗaya, da Faransanci da Larabcin Shuwa da Kotoko da Fulatanci da Hausa, a karanta a rediyo da masallatan Juma'a da majami'u kafin ruwa ya ja, a liƙa a duk mashigar ɗibar yashi, da lambar waya ɗaya ta mutum ɗaya da zai ɗauka. Umarnin ya fito fili ya ce wanda ya kawo rahoto ba za a tuhume shi ba, za a matsar da shi 'yan mitoci ne kawai ya ci gaba da aikinsa, a kuma ba shi ɗan tukuici da ya fi abin da ɗan gwangwan zai ba shi. In tukuicin bai fi kuɗin kilo ba, kilo zai ci gaba da yin nasara.

Abin da umarnin zai ƙunsa muna iya rubuta shi yanzu. A tsaya da haƙa nan take, kada a tona gefe don a ga iyakarsa, kada a ja. A ajiye sanda mai tsawon mita ɗaya kusa da shi a ɗauki hoto da waya, ana zagayawa taki-taki yadda kowane hoto zai maimaita kashi biyu cikin uku na wanda ya gabace shi, da irin waɗannan hotuna ake haɗa siffa a kwamfuta. A ɗauki lambar wurin da wayar. A jiƙa shi da ruwan kogin, a lulluɓe da jiƙaƙƙen buhun algarara, a shimfiɗa leda, sannan a rufe ledar da yashi, domin baƙar leda a rana dafa shi za ta yi. In za a bar shi ya kwana damina, yashi mai laushi ko laka ya kai aƙalla santimita 50 a kansa, a danne da buhunan yashi. Guntun da ya riga ya fita, a zura allo ƙarƙashinsa a ɗauka kamar mara lafiya, ba a kama bakinsa biyu ba, a nutsar a duro ko kwatami mai murfi a inuwa, a riƙa sauya ruwan duk mako, a ɗaura masa lamba a jikin roba. Ƙarfe a ware masa nasa mazubin, kada a kankare tsatsar da ta dunƙule a kansa, a nutsar a ruwa mai giram 50 na sodar wanki a kowace lita. Kada a ce kanwa za ta wadatar don tana da arha a nan: kanwar tafki tana da gishiri, gishiri kuwa shi ke cin ƙarfe. Abin da ya yi kama da harsashin igwa, a ja baya a kira sojoji. Ƙashin mutum, a kira jandarmomi da liman.

A horar da mutum goma zuwa goma sha biyar daga cikin 'yan nutso da masassaƙa da ɗaliban tarihi na Jami'ar Marwa, mako biyu ya isa a fara. Ruwan Logon ba a ganin tafin hannu a cikinsa, saboda haka aikin na ƙarshen rani ne, da ƙafa da kwale-kwale, sai na'urar gano kifi mai duba gefe don wurare masu zurfi, da na'urar gano ƙarfe. Tsofaffin masunta sun san duk inda koma ke maƙalewa shekara da shekaru, a fara da tambayarsu a sa a taswira, kafin su ma su tafi da saninsu. A soma da mahaɗar Logon da Shari da tsofaffin mashigan fito. Bakin tafki, inda janyewar ruwa daga kusan murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960 zuwa ƙasa da 2,000 a tsakiyar 1980 ta bar tsohuwar ƙasan ruwa a fili, sai tsaro ya samu.

A gina kwatamin siminti ɗaya a Kuseri, mai rufi da murfi, na girman da muka ambata, kusa da famfo ko rijiya, don abin da ya zama dole a ɗauke shi daga gaban inji. Kwale-kwalen da ya bayyana a Tafkin Galili na Isra'ila a 1986 bayan fari ya janye ruwa, mai tsawon mita 8.2, a ƙasa da mako biyu aka fito da shi ana jiƙa shi dare da rana, aka naɗe shi da kumfar roba aka tura shi a kan ruwa, sannan aka tanadar masa wurin jiƙo na shekaru. Kwatami shi ke sayen lokaci har a sami masana da kuɗi.

A sa sharaɗi a duk izinin zuƙar yashi da kwangilar gada ko ganuwa cewa sai an duba wurin tukuna, kuma in an ci karo da abu a dakata a wannan gurbin har wakilin hukuma ya zo cikin kwana uku. A hana 'yan gwangwan sayen harsasai da ƙarafan da suka fito daga kogi, ta bakin shugabannin ƙungiyarsu.

Kogin iyaka ne, rabin abin da muke magana a kai yana gefen Chadi. Muna roƙo a tuntuɓi gidan tarihi na ƙasa da ke Njamena da Hukumar Tafkin Chadi, wadda hedikwatarta ke can tun kafa ta a 1964, a yi umarni iri ɗaya gaɓa biyu, kada abin da aka hana a Kuseri ya haye gadar Ngeli zuwa Njamena a sayar.

Ga masu martaba kuma roƙonmu na musamman ne. Maganar sarki ta fi takardar ofis saurin isa bakin ruwa. In kuka tara lawanai da bulamai da sarakunan ruwa kuka ce daga yau tsohon katakon kogi amanar fada ne, a rufe shi a zo a faɗa, to rabin aikin ya yiwu ba tare da an kashe sefa ɗaya ba. Masassaƙanmu a shirye suke su zo su duba duk allon da aka samu su faɗi itacensa da irin haɗinsa, malamanmu kuma su fassara umarnin kyauta. Muna fatan a kira mu zama kafin ƙarshen Fabrairu, domin daga Maris shebur ya riga ya shiga.

Allah ya taimaki sarakuna, ya yi wa shugabanni jagora. Wassalam.

Naku masu biyayya,
wasu malaman tarihi, masassaƙan jirgi, masu fito, masunta da 'yan nutso na bakin Logon da Shari, Kuseri.